Ƙarar Motar da Inna Ta Sani

Akwai wani magidanci mai shagon tayil da kowa ke kira Auta. Ya haura arba'in, gemunsa har ya fara furfura, amma sunan bai sake shi ba, don shi ne na ƙarshe a wurin uwarsa. Yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku da mahaifiyarsa, Inna, wadda aka ba ɗakin da ke kusa da ƙofar gida saboda ƙafarta ba ta son matakala.

Motar gidan ta gado ce, mahaifinsa ya bari. Doguwa ce, ruwan toka, mai faɗin baya. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗauko buhun shinkafa, ita ta kai matarsa asibiti haihuwa uku.

Ba ta gudu, amma tana da muryarta. In Auta ya karyo kwanar layinsu ya rage giya, sai ta yi tari sau biyu, kaf, kaf, sannan salansa ta ɗan kaɗa kamar cokali a cikin kofi. In ya kashe ta a tsakar gida, sai ta saki ajiyar zuciya guda ɗaya, doguwa.

Idon Inna ya tafi shekara uku da suka wuce. Bayan ido, tunani ya bi. Ta manta sunayen jikokinta. Surukarta da ke yi mata wanka kullum ta koma “yarinyar nan”. Da safe duk wanda ya gaishe ta, har Auta, amsa ɗaya ce: “Lafiya lau. Allah ya yi albarka.”

Amma da ƙarfe biyar na yamma, da zarar motar ta yi tarin nan a kwana, sai tsohuwa ta miƙe zaune, ta gyara ɗankwali, ta ce, “Ga Auta nan.”

Kullum da rana ana ɓare mata lemo. Sai ta sha rabi, ta kife kwano a kan rabi. In ya shigo ya durƙusa, sai ta lalubo kwanon ta miƙa masa, ta tambaye shi kasuwa, ta yi masa faɗan rashin cin abinci a kan lokaci.

Auta kan yi alfahari da wannan. “Kowa ta manta,” in ji shi, “amma ni ko a cikin mutum ɗari na yi magana sai ta gane ni.”

Haka yake zato. Bai taɓa tsayawa ya lura da abin da tsohuwar ke saurare ba.

A hanyarsa ta komawa gida akwai wani tudu mai tsawo. Nan motar ke nuna shekarunta. Wata rana tana cikin nishi a tsakiyar tudun, sai ga maƙwabcin shagonsa, Mai Fanka, a sabuwar motarsa. Ya rage gudu, ya sauke gilashi.

“Auta! In ɗaura maka igiya ne, ko ka fi son mu dawo gobe mu ɗauke ka?”

Ya taka ya wuce. Bayansa kuma wani mai keke ya zo ya wuce Auta, yana cin ayaba da hannu ɗaya.

Washegari duk layin shagunan ya ɗauka.

“Wallahi na je gida, na yi wanka, na ci abinci, na leƙo,” in ji Mai Fanka, “yana nan dai a tsakiyar tudu.”

“Ai ba hawa take yi ba,” wani ya ce, “rarrashin tudun take yi.”

Auta ya yi dariyar yaƙe tare da su, amma abin ya tsaya masa a rai. Mutum da iyali da furfura, maganar masu zaman benci ta hana shi sukuni.

Ya fara zuwa wurin Baba Makanike, wanda ya riƙa duba motar tun zamanin mahaifinsa, kuma bai taɓa barin ta kwana a garejinsa ba. Baba ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya goge hannu da tsumma.

“Me ta yi maka?”

“Ba ta da ƙarfi, Baba. So nake a ƙara mata.”

“Ta taɓa ajiye ka a hanya?”

“A'a.”

“Ta taɓa kasa kai ka gida?”

“Baba, mai keke fa ya wuce ni.”

“To sai me? Tseren keke ka shiga? Ɗana, lafiyar injin nan ƙalau. Ni ba zan taɓa shi ba.”

Auta ya yi kunnen uwar shegu. Mai Fanka ya nuna masa wani gareji a bayan kasuwa, na wani matashi da ake kira Injiniya. Wurin fes, ƙasa a goge, kayan aiki a rataye layi-layi, ga kwamfuta a kan tebur. Injiniya ya zagaya motar sau ɗaya yana murmushi.

“Yallaɓai, jikin yana da kyau. Zuciyar ce ta tsufa. Za mu sauke injin da giyarsa da salansarsa gaba ɗaya. Mu sa babba mai turbo, na'urar ƙara ƙarfi, mu yi mata bututun hayaƙi mai faɗi, mu gyara ƙwaƙwalwar injin. In ka taka totur, tudun nan da kansa zai kauce maka.”

“Tsoffin kayan fa?”

“Kana so ka kai gida?”

“In yi me da su? Ka yi yadda ka ga dama.”

Da ya gaya wa matarsa, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Baban yara, motar kai yara makaranta ce fa. Ina za mu da gudu?”

“Ke me kika sani a kan inji?”

“Ban san komai ba. Amma na san ba ta yi mana laifi ba.”

“To ki tsaya a abin da kika sani.”

Kwana tara motar ta yi a hannun Injiniya. Kwana taran nan Auta a tasi yake dawowa, ya turo ƙofa ya shigo da ƙafa. Inna ba ta miƙe zaune ba ko sau ɗaya. Ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, “Lafiya lau. Allah ya yi albarka.” Can kuma sai ta juya wajen taga ta ce, “Yarinyar nan, Auta bai dawo ba?”

“Ga ni nan, Inna,” ya ce yana dariya.

Ta matsar da kwanon lemon bayanta.

Ya ce wa matarsa jikin tsufa ne, yau da daɗi gobe babu. Hankalinsa yana kan gareji.

Ran da ya karɓo motar, ya jira Mai Fanka a gindin tudu. Suka jera. Auta ya taka. Motar ta yi wani irin gurnani, kujera ta manne masa a baya, bishiyoyi suka riƙa wucewa kamar ana jefo su. Kafin Mai Fanka ya kai rabi, shi yana sama yana danna hon. Ya daki sitiyari don murna kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Da wannan gurnanin ya shigo layinsu. Kajin maƙwabta suka watse. Gilashin tagar Inna ya yi rawa.

Ya same ta a ƙuryar gado, ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

“Inna, ni ne. Na dawo.”

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta har hanci, yadda take yi wa baƙon namiji.

“Malam, masu gidan ba sa nan. Ɗana ya yi tafiya. In saƙo ne ka ba yarinyar nan.”

“Inna, Auta ne fa.”

“Ka jira a waje, bawan Allah. Ba a shigo wa mata ɗaki haka.”

Ya fita. Ya ce gobe za ta warware.

Ba ta warware ba. Sati ya wuce, biyu suka wuce. Kullum ana ɓare lemo, kullum tana kife rabi. Kwano ɗaya ya cika, ta sa aka kawo wani. Na ƙasa suka yi baƙi, ƙananan ƙudaje suka taru, ɗakin ya ɗauki wani wari mai zaƙi-zaƙi. In surukar ta kai hannu za ta kwashe, sai Inna ta riƙe kwanon da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

“Na Auta ne. Zai zo da yunwa.”

Wata Talata da hantsi, yana shago yana nuna wa wani kalar tayil, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Baban yara, kana ina?”

“Ina shago mana.”

“Tun ɗazu?”

“Tun safe. Lafiya?”

“Ka zo gida.”

Ya tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin Inna, ta riƙe labule. Ta yi masa alama da ya yi shiru. Ya leƙa.

Inna na zaune a bakin gado, ɗankwali a gyare, fuskarta cike da fara'ar da ya yi kwanaki bai gani ba. Ta miƙa rabin lemo wajen tabarmar da ya saba durƙusawa. Babu kowa a kan tabarmar.

“Ka rame, Auta,” take cewa. “Ina ka shiga haka? Karɓi mana. Hannuna ya gaji.”

Ya ja da baya.

Matarsa ta ja shi tsakar gida. “Ina wanke-wanke na ji motarka ta karyo kwana. Tsohuwar motarka. Tarin nan biyu da kaɗawar. Wallahi har na goge hannu na je na buɗe ƙofa. Ban ga kowa a layin ba.”

“Kunnenki ne.”

“Kunnena da na Inna, lokaci ɗaya?”

Ran Juma'a abin ya sake faruwa. Talata mai zuwa Auta ya ƙi fita. Ya ɗauko kujera ya zauna a tsakar gida kusa da motarsa, ya ɗora hannu a kan bonet ɗinta mai sanyi. Rana ta ɗaga. Layin ya yi tsit, yara duk suna makaranta.

Wajen sha ɗaya sai ya ji.

Kaf, kaf. Sannan cokali a cikin kofi.

Shekara goma sha biyar yana jin ƙarar nan daga cikin mota. Bai taɓa jin ta daga cikin gida ba. Yana zaune, yana jin kansa yana dawowa. Daga ɗaki muryar Inna ta fito tas: “Ga Auta nan.”

Kafin ya zare sakata ya fita, bai ga komai ba sai bayan wata farar mota tana shan kwana a ƙarshen layi.

Ran Juma'ar da ta biyo baya, matar Auta na shanya a bayan gida, Inna ta sauko daga gado. Tsohuwar da ta yi shekara ba ta kai ƙofar gida ba, ta lalubi bango, ta zare sakata, ta fita ba takalmi. A kwanar layi aka same ta, ta dafa turken lantarki, motoci na wucewa ta gabanta.

“Ya wuce bai shigo ba,” ta ce. “Ko fushi yake da ni?”

Ranar Auta ya tafi wurin Injiniya.

“Ina kayan da ka sauke?”

“Yallaɓai, ai kai ka ce in yi yadda na ga dama. Wani tsohon makanike ya zo ya kwashe.”

Ya san ko wane ne. Ya tarar da Baba Makanike a ƙarƙashin wata mota. Baba bai ko fito ba.

“Ni na kwashe. Raina bai so a fasa shi a auna a sikeli ba. Na ɗaura wa wani mai kai ƙwai shaguna, injinsa ya buga. Shi inji mai haƙuri yake so, wanda ba ya fizga. Talata da Juma'a yana bi ta layinku.”

Auta ya tsugunna a ƙasa mai baƙin mai, da fararen kayansa, ya ba shi labari duka. Baba ya turo kansa waje, ya daɗe yana kallonsa.

“Kai ka ɗauka muryarka take ganewa?”

Auta ya sunkuyar da kai.

“Ƙarar nan ta mijinta ce kafin ta zama taka. Shekara talatin tana jin ta da yamma. Abin da ya rage mata ke nan.”

“A mayar min da shi, Baba. Ko me za a yi.”

“A mayar ina? Yaron nan ya yanke mazaunin injin, ya faɗaɗa, ya yi walda. Ko na ɓata wata guda ina ƙoƙari, ba zan rantse maka tarin zai dawo yadda yake ba. Wannan karon ma ikon Allah ne da ya fito daidai. In na sake taɓa shi ya canza murya, ka rasa gaba ɗaya.”

Baba ne ya haɗa shi da Mai Ƙwai. Mutum ne siriri, mai sanyin magana, sa'an Auta. Ya saurari labarin yana girgiza kai.

“Subhanallahi. Ashe ni ke tayar wa tsohuwa hankali ban sani ba. Yallaɓai, ba sai an sauke komai ba. Kafin ƙarfe biyar nake gama aiki. Zan riƙa zuwa in shigo da motar in kashe, kai kuma ka shiga ka gaishe ta.”

Auta ya riƙe hannunsa, ya yi masa godiya.

Washegari ya fitar da motarsa ya ajiye a gidan maƙwabci. Ya yi wanka, ya sa kaya masu kyau. Biyar saura ya buɗe ƙofar gidan duka biyu, ya tsaya.

Kaf, kaf. Farar motar ta shigo a hankali, kiret-kiret na ƙwai a jere a bayanta. Mai Ƙwai ya murɗa makulli. Injin ya saki doguwar ajiyar zuciyarsa.

“Ga Auta nan!” in ji Inna.

Tun ran da ta fita, Auta ba ya barin ƙofa a buɗe ko na minti ɗaya. Sai ya juya ya rufe tukuna. Sakatar ƙasa ta cije. Ya sunkuya yana jijjiga ta.

Shi kuwa Mai Ƙwai mutum ne mai tarbiyya. Ya sauko, ga ɗakin tsohuwa a gabansa, labule a ɗage, tana fuskantarsa. Bakinsa ya riga tunaninsa.

“Salamu alaikum. Sannu da hutawa, Inna.”

“Shigo, ɗan nan! Shigo!”

Ta taso tana lalube, har za ta faɗi. Ya yi wuf ya tare ta. Ta kama hannunsa da hannu biyu, ta zaunar da shi a kan tabarma.

Lokacin da Auta ya iso bakin ƙofa, tana shafa kan Mai Ƙwai.

“Ka daɗe, Auta. Na zaci ba zan sake jin ka ba.”

Mai Ƙwai ya ɗago ya dubi Auta, idonsa ya yi ja. Ya buɗe baki zai gyara. Auta ya dubi fuskar uwarsa, yadda ta washe, sai ya girgiza masa kai.

Ta lalubo sabon rabin lemo ta ba shi. Ya karɓa. Sai ta matso kusa da kunnensa, amma kowa ya ji.

“Akwai wani mutum da ke shigo mana gida kullum, da wata mota mai kukan dodo. Yana cewa wai shi ne kai. Bai yi min komai ba, har ruwa yake ba ni. Amma ina tsoronsa. Ka yi masa magana.”

“To, Inna,” in ji Mai Ƙwai da ƙyar.

“Yanzu saurara. Na ji a jikina ba zan daɗe ba, shi ya sa na ƙagu ka zo. Tun da na haife ka ba ka taɓa sa ni kuka ba. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan ubanka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi min.”

Ta tofa addu'a a tafinta, ta shafa a fuskar Mai Ƙwai.

Auta na tsaye, taku uku tsakaninsu. Matarsa a bayansa ta toshe baki da mayafi.

A tsakar gida Mai Ƙwai ya miƙa masa lemon. “Yallaɓai, ka yafe ni. Da sunanka ta yi. Naka ne duka.”

Auta ya ce, “Ba laifinka ba ne. Gobe ni zan fara shiga.”

Gobe ta yi. Aka bar ƙofa a buɗe, Auta ya tsaya dab da labule. Motar ta yi tarinta, ta shigo, ta yi ajiyar zuciya.

Ɗakin shiru.

Ya shiga ya durƙusa. Inna na kwance, ta juya wa ƙofa baya. Babu kwano a gefen gado. Ranar ta shanye lemonta duka.

“Inna, na dawo. Auta ne.”

Ba ta juyo ba. “Auta ya zo jiya, bawan Allah. Mun yi sallama.”

Mai Ƙwai ya yi ta zuwa har sati uku. Inna ba ta ƙara miƙewa zaune ba.

Wata huɗu ta ƙara a duniya. Auta ya bar wa ɗan'uwan matarsa shago, ya zauna yana jinyarta. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta ruwa a cokali, shi ke yanke mata farce. Ta daina tsoronsa. Har ta saba da shi.

Kwana biyu kafin ta cika, yana gyara mata matashi, ta dafa bayan hannunsa.

“Kai dai mutumin kirki ne, malam. Uwarka tana da rai?”

“Tana da rai.”

“To ka riƙa zuwa kana gaishe ta. Ka daina ɓata lokacinka a gidan mutane.”

Darasi: Kafin ka canza abu a gidanka don bakin mutanen waje, ka tsaya ka duba wa ke dogara da shi a cikin gida. Masu yi maka dariya a kan benci ba su za su zauna da kai ran nadama ba. Abin da ke yi maka aiki lafiya, ka gode wa Allah ka riƙe shi, kuma in babba ko matarka suka ce ka dakata, ka dakata. Ku da iyayenku ke raye, ku ajiye wayar nan ku je ku gaishe su tun suna gane ku. In kun dawo, ku tura wa 'yan'uwanku su ma su karanta.